Na Raba Wa Yayata Uwar Kuɗinta Da Sunan Riba

Tun daga tsakiyar 2023 har zuwa gab da azumin 2024, duk ƙarshen wata nakan je gidan yayata da kuɗi a aljihu in ce mata ga ribarta. Takan sa hannu biyu ta karɓa, ta sa mini albarka, ta yi wa shagon addu'a. Abin da nake kai mata ba riba ba ce. Uwar kuɗinta nake gutsurowa ina miƙa mata, ni ma ina ɗibar nawa kason daga ciki ina kai gida. Ban yi da niyyar cuta ba, Allah ne shaidata, amma rashin niyya bai mayar mata da ko kwabo ba. Kuma an faɗa mini gaskiya tun da sauran gyara, na toshe kunne. Ina rubuta wannan ne saboda na san a Wudil kaɗai akwai masu shago da dama da suke kan wannan hanyar, da kuɗin mutane a hannunsu.

Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Cikin abin da ya faɗo musu na gado akwai bijimai biyu da ake kiwo a wani ƙauye ta wajen Indabo. Ciyar da su ya fi ƙarfinta, sai aka kora su kasuwar shanu ta Kara wata Juma'a a ƙarshen 2022, dillali ya yi aikinsa, aka cire la'ada, ta ƙulle sauran ta kawo mini. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a cikin gari, ba nisa da bakin titi, wanda a lokacin jarinsa bai taka kara ya karya ba. Muka yi magana a gaban kawunmu: kuɗi nata, wahala tawa, riba a raba biyu. Ba a rubuta komai ba, don a ganinmu kawo maganar takarda tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya abin kunya ne. Da kuɗin nan na shiga Kasuwar Singa a Kano na yi sarin da ban taɓa yin irinsa ba: sukari, fulawa, shinkafa, jarkokin mai, katan-katan na taliya da madara da sabulu. Ranar da aka sauke kayan sai da wasu suka kwana a soron gidanmu saboda shagon ya kasa ɗauka.

Wanda ya san Wudil ya san gari ne da ba ya hana mai nema samu. Titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa ta cikinsa, motar da za ta Dutse ko Azare ko Potiskum sai ta hau gadar kogin garin. Ranar Juma'a kasuwa na ci, mutanen Garko da Gaya da Warawa da Ajingi su cika gari, a Kara kuma ana loda shanu a manyan motoci zuwa Kudu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Dangote a 2022, ga kuma makarantar horar da jami'an 'yan sanda. Ɗalibai da ma'aikata da direbobi da fatake duk ci suke yi, wanki suke yi, shayi suke sha. Ba rashin ciniki ne ya kayar da ni ba. A tsakiyar ciniki na faɗi.

Lissafina shi ne wanda na gani a wurin maigidan da na yi wa yaron shago tun ina saurayi. Abin da ka saro a kan naira kaza, ka ɗora 'yar riba ka sayar. Ƙarshen wata ka duba abin da ya shigo, ka cire abin da ka kashe wajen sari da haya, abin da ya yi saura shi ne ribarka. A zamanin da farashi ke yin wata da watanni bai motsa ba, wannan lissafin yana iya riƙe shago. Abin da ba ya tambaya shi ne: kayan da ke kan kanta yau, sun kai na watan jiya yawa?

Ɓarakar farko ta shigo ne ta ƙofar canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, zuwa watan Fabrairun 2023 kuma tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Kowa ya koma taransifa, har tsohuwar da ke sayen gishirin naira hamsin sai ta nemi jikanta ya tura. Ni kuwa lambar asusuna na kaina na rubuta a kwali na manna a ƙofar shago. A da aljihun tebur ne iyaka tsakanin kuɗin shago da kuɗina. Idan zan taɓa na shago sai na ja aljihun, hannuna ya ji nauyin abin da yake yi. Da komai ya koma cikin waya, iyakar nan ta rushe. Cefane daga nan, kati daga nan, gudummawar biki da ta suna daga nan, kuɗin maganin yaro daga nan. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, tsabar kuɗi ta dawo a hankali, amma kwalin nan ban cire shi ba.

Sai ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira ɗari huɗu da wani abu ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Kuɗin mota daga Kano zuwa Wudil ya tashi, na lodi da na sauke kaya suka bi shi. A Singa kuwa farashin safe ba shi ne na yamma ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a shekarar 2024, mu da ke cikin kasuwa kuma mun ga kayan da suka ninka kuɗinsu.

A waɗannan watannin ne na fi jin kaina mai kuɗi. Alat na shigowa ba ƙaƙƙautawa, adadin da nake gani a waya ban taɓa ganin irinsa ba. Bari in buga misali da lissafi, don a nan gaba ɗayan maganar take. A ce ka saro buhu 10 na sukari, kowane a kan naira 40,000, ka kashe 400,000 ke nan. Ka sayar a kan 43,000, ka tara 430,000. Ka cire 30,000 ka ce riba ce, kuka raba da mai kuɗi. Ka koma Singa da 400,000 ɗinka ka tarar buhu ya zama 48,000. Buhu 8 za ka ɗauko. Ko da ba ka taɓa ribar ba, 430,000 ɗin ma ba za ta ba ka buhu 9 ba. A takarda ka ci riba, a shago buhu biyu sun tafi, kuma ba ɓarawo ne ya ɗauka ba. Ka maimaita wannan a kan mai da fulawa da taliya, sari bayan sari, ka ga inda za a kwana. Har yanzu ban sa kuɗin mota da dako da leda ba, waɗanda ban taɓa raba su a kan kowane buhu ba, sai dai in biya daga aljihu in manta.

Akwai wani dattijo da shagonsa ke kallon nawa, ya daɗe a harkar tun ban san ciniki ba. Wata rana bayan la'asar ya yafuto ni, ya ce, "Ɗana, nawa kake ba da jarkar mai?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ka kira Singa yau?" Na ce a'a, ai tsohon kaya ne, da tsohon farashi na saro. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Tsohon kaya ne, amma da sabon kuɗi za ka mayar da gurbinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba." Na ce, "Na gode, Baba," na koma shagona. A zuciyata kuwa cewa na yi baƙin ciki yake yi, don ya ga mutane sun bar ƙofarsa sun yi layi a tawa. Wannan zato na yi wa mutumin da ya nufe ni da alheri, kuma yana cikin abubuwan da na fi jin kunyarsu a duk wannan labari.

Dole in faɗi abin da ya sa na ƙi ji, don ba jahilci kaɗai ba ne. Daɗin suna ne. An fara cewa shagon wane ya fi sauƙi, wane yana da tausayi, wane ba ya cikin masu tsawwala wa talaka. A lokacin mutane na cike da haushin 'yan kasuwa, kuma ba a banza ba, don yunwa ta shiga gidaje. A watan Fabrairun 2024 har hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. A irin wannan yanayi, a ce kai ne na kirki a layinku, abu ne mai shiga rai. Amma da dukiyar wa nake sayen wannan sunan? Da ta marayu. Wanda yake so ya sauƙaƙa wa jama'a daga aljihunsa, Allah ya ba shi lada. Wanda ya yi da kuɗin da aka ba shi amana, ba tare da mai shi ta sani ba, ba kyauta ya yi ba.

Akwai alamar da ta isa ta farkar da ni. Cikin masu layin nan na fara ganin yaran wasu shaguna, da masu tebur, da masu shayi, suna ɗaukar katan-katan maimakon ɗai-ɗai. Sun gano cewa saye a wurina ya fi musu arha a kan su hau mota su je Kano. Wato ni nake biyan kuɗin mota da dako, in kawo musu kaya har Wudil a ƙasa da farashin dila. Na ɗauki wannan a matsayin bunƙasa, har ina faɗa wa maiɗakina cewa na fara zama mai ba da sari.

Ga kuma littafin bashi. Ma'aikaci ya ɗauka sai ƙarshen wata, ƙarshen wata ya zo ya ba da rabi ya ƙara ɗaukar wani. Ɗan'uwa ya ɗauka, ba a ma iya tambayarsa. Ko a zaman lafiya bashi yana cin shago, balle a lokacin da farashi ke gudu. Wanda ya ɗauki kwanon shinkafa ya biya bayan wata uku, kuɗin da ya kawo ba zai sayi kwanon ba, kuma ba ya halatta ka ƙara masa ko sisi a kan abin da kuka yi ciniki. Abin da nake ɗiba na kai gida kuwa, sukari da sabulu da madarar yara, ban taɓa rubuta shi ba. A raina, ai shagona ne.

A kan wannan ramin na ɗora gini. Wajen ƙarshen 2023 na kama wani shago ta ɓangaren jami'a, na biya hayar shekara, na sa kafinta ya buga kanta, na ɗauki yaro. Ban shawarci yayata ba. Na ce sai abin ya kankama in kai ta ta gani ta yi murna. Kayan da zan zuba a ciki daga tsohon shagon na kwaso, na cike giɓin da kayan da wani dila ya ba ni bashi. Kaya ɗaya aka raba gida biyu, haya ta zama biyu, ciyar da yara ta zama biyu. Kuma na san halin cinikin gefen makaranta, don duk wanda ya ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya san abin da rufe makaranta ke yi wa masu neman abinci a kewayenta. Ko ba yajin aiki akwai hutu, ɗalibai su watse, haya kuwa ba ta hutu. A tsohon shagon na fara jera kwalayen da ba komai a cikinsu a saman kanta don kada wurin ya yi fayau. Mutumin da ya kai ga jera kwalin wofi ya san gaskiya, ƙin kallonta kawai yake yi.

Azumi ne ya tona asirin. Kowane mai shago yana son ya cika kanta kafin a ga wata, musamman da sukari da mai da madara. Na tattara duk abin da ke waya da aljihun tebur na je Singa, dilan ya ce sai na rage tsohon bashi kafin ya sake ba ni wani. Abin da ya rage a hannuna bayan na biya, kayansa ko bayan ƙaramar mota bai cika ba. Da na dawo na rufe shago, na nemo rasit ɗin sarin farko da na yi da kuɗin Yaya, na ajiye shi a gefe, na shiga ƙirga abin da ke shagunan biyu, buhu-buhu, katan-katan, jarka-jarka. Na yi musu kuɗi da farashin ranar. Na cire bashin da ake bina, na cire bashin da na san ba zai dawo ba. Ko a lissafin naira kuɗinta bai cika ba. A lissafin kaya kuwa, abin da ya rage bai kai rabin abin da ke jikin rasit ɗin ba.

Juma'ar da ta biyo na shiga Kara, ba don in sayi komai ba, sai don in ji kuɗin sa irin waɗanda aka sayar mata. Abin da ya rage na jarinta ɗaya ma da ƙyar zai kama. A nan na lura da abin da na sha gani ban taɓa ɗaukar darasinsa ba. Falken shanu ba ya auna kansa da damin kuɗin da ke aljihunsa. Kai yake ƙirgawa. Idan ya loda shanu ashirin zuwa Kudu ya dawo da kuɗin da ba zai sayi ashirin ba, faɗuwa ya yi, ko da kuɗin ya fi na tafiyar baya yawa. Ni da na girma ina jin kukan shanun Kara, sai ga shi ban iya ƙirga buhunan da ke gabana ba.

Zuwa wurin Yaya shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Na same ta tana tankaɗe. Na gaishe ta, na zauna a bakin ƙofa, na ce, "Yaya, na zo da magana mara daɗi." Na faɗa mata komai, har da shagon da ba ta san da shi ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye rariyar, ta ce, "Auta, kuɗin da kake kawo mini duk wata, na mene ne ke nan?" Na ce, "Naki ne, Yaya, daga cikin uwar kuɗin." Ta ce, "Da shi na mayar da yaran nan makarantar kuɗi. Da shi na shiga adashi. Har sadaka na yi wa babansu da shi, ina cewa Allah ya buɗa mana. Da ka gaya mini babu, ai da na ɗaure cikina. Na saba." Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta fi komai yi mini zafi. Ba dukiyarta kaɗai na rage ba, na sa ta tsara rayuwarta a kan abin da babu shi.

Kawunmu ya ce a kai maganar gaban malamin da muke ɗaukar karatu a zaurensa bayan magariba. Malam ya tuna mini abin da na riga na karanta a gabansa cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, a inda ake bayanin ƙiradi, wato mutum ya ba wani jari ya juya su raba riba. Hukuncin shi ne ba a rabon riba sai an tabbatar uwar kuɗi ta dawo cif. Na wuce wurin da baki, bai taɓa sauka a shagona ba. Ya kuma tuna mini cewa ko don zakka, ɗan kasuwar da ke juya kaya kullum ana so ya yi wa kayansa ƙima sau ɗaya a shekara da farashin lokacin. Da ina yin wannan kaɗai, da ban kai inda na kai ba. Malam bai ɗora mini abin da faɗuwar naira ta ci ba, ya ce wannan ba hannuna ba ne, kuma wanda aka ba jari amintacce ne matuƙar bai yi sakaci ko ya ƙetare iyaka ba. Abin da ya ɗora mini shi ne kason da na ci alhali ba a tabbatar da riba ba, da kayan da na kai gida ba rubutu, da asarar shagon da na buɗe ba da izininta ba. Na karɓa, don gaskiya ce. A ranar aka rubuta komai a takarda, shaidu suka sa hannu.

Shagon jami'a na fara rufewa. Na sallami yaron da haƙuri, na sayar da kantar, na dawo da kayan wuri ɗaya. Mutane sun yi magana, wasu suka ce wane ya karye. Ba su yi ƙarya ba, sai dai karayar ta riga rufewar da watanni.

Daga nan na koma wurin dattijon nan na ba shi haƙuri, na ce ya koya mini yadda yake yi. Abin da ya nuna mini ba wani sirri ba ne. Kullum da safe kafin ya buɗe ƙofa yana kiran mutum biyu a Singa ya ji farashi, don kada bakin mutum ɗaya ya yaudare shi. A kan farashin ranar yake ɗora kuɗin mota da dako, sannan ribarsa, kuma ribar ƙarama ce ƙwarai, ta fi wadda nake zato ƙanƙanta. Ashe tsadar da nake ganin yana yi ba haɗama ba ce, kuɗin mayar da gurbi ne. Yana da wani tsohon littafi da ya rubuta adadin da kowane kaya ya kamata ya kasance a shagon: sukari buhu kaza, mai jarka kaza, taliya katan kaza. Ba ya kiran komai riba sai ya mayar da kowane kaya adadinsa, abin da ya yi saura bayan nan shi ne nasa. Haka nake yi yanzu. Ranar Asabar ta ƙarshen wata, bayan hayaniyar kasuwar Juma'a ta lafa, ba na buɗewa da wuri. Ni da babban ɗan Yaya muke ƙirga kaya, shi yake riƙe da biro.

Na buɗe wa shago asusunsa daban, na yage kwalin nan. Na yanka wa kaina abin da zan riƙa ɗauka duk mako da sanin Yaya, idan ya ƙare ya ƙare. Ko ƙullin gishiri aka aiko daga gidana a ɗauka, sai an rubuta. Bashi ban daina bayarwa ba, don wanda ya ce zai yi shago a unguwa ba bashi bai san unguwa ba. Amma kowa yana da iyakar da ba ya wucewa, kuma ba sabo sai an biya tsoho. Na rasa wasu masu saye saboda wannan, ciki har da 'yan'uwa. Na kuma rage kayan da ke daɗewa a kanta, irin su manyan gwangwanaye da kayan ƙawa, na mayar da kuɗin kan abin da ke fita kullum, don ƙaramin jari ba ya jure kwantai.

Akwai masu cewa sayar da tsohon kaya da sabon farashi zalunci ne. Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka, ni ma na taɓa faɗa. Amma ɓoye kaya daban, wannan daban. Mai ɓoyewa yana rufe rumbu ne ya hana mutane abin da suke buƙata har sai ya yi tsada. Mai shagon unguwa ƙofarsa a buɗe take, abin da yake nema shi ne gobe ma a zo a tarar da sukari a wurinsa. Idan ya karye, unguwar ce za ta koma tafiya nesa. Sharaɗin kawai shi ne a bi ƙa'idar nan ta kowane ɓangare. A 2025 farashin masara da shinkafa da wasu kayan abinci ya sauko sosai a Arewa, waɗanda suka tara kaya da tsada suna jiran ƙari suka ji jiki. Ranar da na kira Kano na ji shinkafa ta sauko, ina da ragowar wadda na saro da tsada. Na sauke farashi a ranar, na ɗauki faɗuwar. Ba ta yi yawa ba, saboda na daina cika shago da abin da ya fi ƙarfin cinikin mako biyu. Ɗan kasuwar da ke saurin kiran waya idan kaya sun tashi, amma ya yi kamar bai ji ba idan sun sauko, shi ne ya cancanci zagin da ake yi mana gaba ɗaya.

Maganar ƙara shago kuwa ban cire ta daga raina ba, amma na san sharaɗinta yanzu. Sai shagon farko ya cika adadinsa wata bayan wata, dila ba ya bina komai, an ware hayar shekara daga riba ta gaskiya wadda aka ƙirga, kuma mai kuɗi ta ji ta amince. Har yau ina biyan Yaya abin da aka rubuta a kaina, kaɗan-kaɗan daga kasona, yaranta kuma sun koma makarantar gwamnati kafin abubuwa su daidaita.

Ina roƙon duk wanda ke juya kuɗin wani, na uwa ne ko na mata ko na marayu ko na abokin da ke aiki a wani gari, kada ya sake kai masa ko naira ɗaya da sunan riba sai ya rufe shago ya ƙirga kayansa, ya gwada da rasit ɗin sarin farko. Ku kuma iyayenmu da yayyenmu mata da kuke sayar da dabba ko ɗan kunne ku ba mu jari, ku daina jin nauyin tambaya. Ku sa a rubuta yarjejeniya tun ranar farko, ku tura ɗa ko ƙani ya tsaya a wurin ƙirga, kuma idan an kawo muku kuɗi ku tambayi buhu nawa ya rage a shago kafin ku karɓa.